Yadda za ka kama ma'anar "cap" duk inda ta fito, daga hular kai har kasuwar kirifto

Kalmar cap harafi uku ce kacal amma tafi dogayen kalmomin nan na likitoci ba mutane wahala, saboda dogon turanci yawanci ma'anarsa ɗaya ce, ka duba ƙamus sau ɗaya an gama. Ita kuwa wannan tun firamare aka ce mana hula ce muka riƙe haka, sai ka girma ka buɗe waya kaga an ce wani ɗan ƙwallo yana da caps 100, wani yaro ya rubuta no cap ƙarƙashin bidiyo, 'yan kirifto suna ta maganar market cap, lauya ya rubuta Cap L5 a takarda, ɗalibi kuma yana kukan CAPS ɗinsa yaƙi buɗewa. Wasu daga cikin waɗannan hular ce da gaske ta sake kama, wasu kuma ko hanya basu haɗa da ita ba, rubutun ne kawai yazo ɗaya. To ga yadda za ka riƙa rarrabe su.

Mataki na farko: fara da hular kanta

Turawa basa kiran duk abin da aka ɗora a ka da suna ɗaya. Wadda take da baki ya zagaye ta gaba da baya, irin malafa, ita suke ce wa hat. Wadda take kama kai ba baki, ko kuma bakinta a gaba kawai yake, ita ce cap. Shi yasa zanna, kube, damanga, dara, haɓar kada, duk in za a faɗe su da turanci cap ake cewa, haka ma hana-sallah da samari ke sawa. Malafar Bafulatani ce kawai za ta shiga layin hat. Kuma su biyun ba gida ɗaya suka fito ba, hat tsohuwar kalma ce ta dangin harsunan Jamus da turanci ya taso da ita, cap kuwa aro ce.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne hoton: abu ne da yake zaune a can saman wani abu ya rufe shi. In ka riƙe wannan, rabin aikin ya ƙare.

Sai ɗan jan kunne kan furuci. Cap daban, cup daban. Kofin duniya cup ne, ba ruwansa da hula, amma in mai sharhin ƙwallo yana sauri za ka iya jin su iri ɗaya, don haka ka saurari jimlar gaba ɗaya kafin ka yanke.

Mataki na biyu: san inda ta fito, don danginta suna da yawa

A tsohon turanci, wanda ake yi a Ingila kafin Normandawa su ci ƙasar a 1066, ana rubuta ta cæppe. Su kuma sun aro ta ne daga Latin na ƙarshen zamanin Rumawa, inda ake cewa cappa, wato mayafi mai haɗe da abin rufe kai, kusan dai alkyabba. Masana da yawa suna danganta cappa ɗin da caput, wato kai a Latin. Kaga da farko ba ƙaramar hula ba ce, babbar sutura ce, a hankali turanci ya taƙaita ma'anar ta koma ɓangaren da ke rufe kai kawai, shi kuma mayafin ya sake shigowa daga baya ta Faransanci da sunan cape.

Nan ne abin yake da daɗi wallahi, saboda kalmomin da ba za ka taɓa zaton suna da alaƙa da hula ba duk 'ya'yan cappa ne. Ɗauki chapel, ƙaramin ɗakin ibadar Kirista da ake gani a makarantu da barikoki. Akwai wani sojan Rum mai suna Martin, wanda labarinsa ya shahara cewa ya gamu da wani mabaraci yana rawar sanyi a ƙofar garin Amiens a Faransa ta yanzu, ya zare takobi ya raba mayafinsa biyu ya bashi rabi. Daga baya ya zama bishop na garin Tours, ya mutu a shekarar 397. Sarakunan ƙasar suka riƙa adana wannan mayafi suna neman tubarraki da shi, ana kiransa cappella, ƙaramin mayafi kenan, sai sunan ya koma kan ɗakin da ake ajiye shi, masu gadinsa kuma daga sunansu aka samu chaplain, wanda yau ake kiran limamin sojoji ko na asibiti da shi. Ko waƙar da ake yi da baki zalla ba kiɗa, a cappella, ma'anarta irin yadda ake yi a wannan ɗakin.

Escape, wato tserewa, asalinta fita daga cikin mayafi, an cafke ka ta riga ka zame ka bar wa mutum rigar a hannu. Cappuccino da ake sha a manyan otal sunan ya fito daga wasu 'yan zuhudun Katolika na Italiya da suka ɓullo a ƙarni na 16, ana kiransu da sunan doguwar hular da ke jikin rigarsu, launin kofin da madara ya yi kama da launin rigar. Chapeau da 'yan uwanmu na Nijar ke ji a Faransanci, da képi ta jandarma, su ma can suka fito.

Ba dole ka haddace duk wannan ba. Amfaninsa dai ka san cewa akwai gida ɗaya na rufewa da lulluɓewa, don in anjima za mu haɗu da wani gidan daban.

Mataki na uku: kalli kalmomin da ke kusa da ita

Wannan shi ne ainihin aikin. Kar ka taɓa fassara cap ita kaɗai, dubi wadda ke gabanta da wadda ke bayanta.

In tana tare da sunan wani abu da ake taɓawa, murfi ce ko marufi. Na kwalba, na biro, na tankin mai. Murfin kwalbar lemo mai haƙora ɗin nan wani Ba'amurke William Painter ne ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1892 a Baltimore. Ƙoƙon gwiwa kneecap ne, ƙanƙarar da ta lulluɓe ƙarshen duniya ta arewa da kudu ice cap ce, abin da likitan haƙori ke sa wa haƙorin da ya lalace shi ma haka. Duk hular ce, an cire ta daga kan mutum an ɗora wa wani abu.

In kuma tana tare da kuɗi, farashi, albashi, data ko adadi, to iyaka ake nufi, wato rufin da ba a yarda a wuce ba. Tunanin a bayyane yake, an sa wa abu murfi ya daina hawa. A watan Disamba 2022 ƙasashen G7 da Tarayyar Turai suka sa wa ɗanyen man Rasha da ake ɗauka ta ruwa price cap na dala 60 kan ganga. Gasar kwando ta NBA a Amurka tana da salary cap tun kakar 1984 zuwa 1985, ƙungiya tana da iyakar abin da za ta kashe kan albashin 'yan wasa. Kamfanin waya in yace maka data mara iyaka, ka duba ƙananan rubutun nan na ƙasa ka nemi kalmar cap ko capped, sau da yawa a nan za ka ga inda za su rage maka gudu. In ka ga uncapped to ba a sa rufin ba. Wannan ma'anar ita ce tafi shafar aljihunka, don haka duk takardar bashi, inshora ko yarjejeniyar aiki da ka ga capped at sannan lamba ta biyo baya, lambar nan ita ce ƙarshe, ko sisi ba za a ƙara a kai ba, ko a abin da za ka biya ko a abin da za a biya ka, sai ka duba wanne ne daga ciki.

Mataki na huɗu: in maganar ƙwallo ce

Nan cap na nufin wasa ɗaya da ɗan wasa ya buga wa babbar tawagar ƙasarsa. Kuma hula ce ta gaske a asali. Wasan ƙasa da ƙasa na farko da aka amince da shi an yi shi ne tsakanin Scotland da Ingila a Glasgow ranar 30 ga Nuwamba 1872, aka tashi ba ci. A 1886 wani jami'in ƙwallo mai suna N. Lane Jackson ya kawo shawarar duk wanda ya buga wa Ingila a bashi farar hular siliki da aka ɗinka wa jan fure a gaba, aka amince. Tun daga nan lissafin ya zauna, ko an baka hular a hannu ko ba a baka ba.

Yadda ake ƙirgawa: sai ka taka fili. Ko minti ɗaya aka sako ka a ƙarshe ka samu ɗaya, in ka zauna a benci har aka tashi baka samu ba. Kuma wasan kulob baya ciki, wanda ya buga wa Kano Pillars ko Arsenal sau 200 ba za a ce yana da caps 200 ba. Ahmed Musa ya haura 100 a Super Eagles, ya wuce Joseph Yobo da Vincent Enyeama. Cristiano Ronaldo ya cika 200 da Portugal a watan Yuni 2023 a wasansu da Iceland. Amma Kristine Lilly ta tawagar matan Amurka ta tsaya a 354, adadin da har yanzu in ka faɗa a majalisar 'yan ƙwallo sai an yi maka musu. A nan uncapped kuma ma'anarta ɗan wasan da bai taɓa buga wa ƙasarsa ba, kaga kalma ɗaya da ta data amma zance daban.

Mataki na biyar: tambayi kanka ko guntuwar wata kalma ce

Yawancin ruɗanin daga nan yake. Akwai cap da yawa da ba hula ba ne sam, doguwar kalma ce aka datse. Caps Lock na kibod daga capital ne, manyan baƙaƙe. In fom yace ka cike in caps, da manyan baƙaƙe ake so. Recap daga recapitulate ne, maimaita abin da ya wuce a taƙaice. Screen cap daga capture ne, hoton fuskar waya.

A takardun shari'a na Najeriya za ka ga irin su Land Use Act, Cap L5, LFN 2004. Wannan Cap ɗin babi ne, daga Latin, yana nuna maka inda dokar take a kundin dokokin tarayya da aka tattara a 2004. CAPS na JAMB kuwa haruffan farko ne na sunan tsarin da hukumar ta shigo da shi a 2017 don tantance gurbin shiga manyan makarantu, ko kalma ma ba ce.

Sai market cap, wadda na ga tana cin kuɗin mutane. Cap ɗin nan daga capitalisation ne, ba iyaka ba ce, jimillar darajar abu ce a kasuwa. Lissafin: farashin guda ɗaya sau adadin da ke yawo a hannun mutane. Misali kawai, a ce wani kuɗin kirifto guda ɗaya naira 2 ne amma akwai guda biliyan 500, darajarsa naira tiriliyan 1 kenan. Wani kuma naira 50,000 ne amma guda miliyan 1 ne kacal, darajarsa biliyan 50. Mai arhar ya ninka mai tsadar sau 20 a girma. Shi yasa maganar nan ta "ai naira 2 ne yanzu, in ya kai dubu ɗaya mun haye" bata da kan gado sai ka fara duba wannan lambar, domin kafin ya kai dubu ɗaya sai darajar ta ninka sau 500. To amma a kasuwar dai in ka ji hard cap ko supply cap, an dawo ma'anar iyaka, kamar Bitcoin da aka tsara ba zai wuce guda miliyan 21 ba. Shafi ɗaya za ka ga duka biyun, ɗaya daraja ɗaya iyaka.

Dabarar gwaji mai sauƙi: cire cap ka sa murfi ko iyaka a wurin. In jimlar ta tsaya da ƙafarta to gidan hula ce. In ta zama shirme, kuma ba maganar ƙwallo ko ta yaran intanet ba ce, nemi doguwar kalmar da aka datse.

Mataki na shida: in yaran intanet ne suka rubuta

A TikTok da X da Instagram cap na nufin ƙarya, ko cika baki, irin zuƙi-ta-malle ɗin nan. No cap kuma ba ƙarya, da gaske nake. In aka ce maka stop capping ana nufin ka daina shara ta. Wani ma ba zai rubuta komai ba, shuɗiyar hular nan ta emoji kawai zai ajiye maka ƙarƙashin rubutu, ya ƙaryata ka kenan cikin ruwan sanyi. Wannan daga bakin baƙaƙen fatar Amurka ta fito, sun daɗe suna amfani da ita a tsakaninsu, mawaƙan rap na birnin Atlanta suka watsa ta duniya wajen 2017.

Tun da daɗewa turanci yana da cap a matsayin aikatau mai nufin ɗara wani, wato ya faɗi nasa kai ka kawo wanda ya hau kansa. Har yanzu ana cewa to cap it all in za a faɗi abu na ƙarshe da ya fi sauran muni ko daɗi.

Shawarata, ka gane ta in ka gani amma ka san inda za ka yi amfani da ita. Cikin abokai ba laifi. A saƙon neman aiki ko wanda za ka tura wa malaminka ko ogan ofis, bar ta a gida.

Mataki na bakwai: karin maganar da take ciki

Waɗannan ba a fassara su kalma-kalma, haddace su ake a dunƙule. Cap in hand shi ne zuwa da ƙanƙan da kai kana roƙo, saboda a al'adar Turawa cire hula ake a gaban babba, akasin mu da zuwa gaban manya kai ba hula shi ne rashin ladabi. Jaridu suna son ta in gwamnati ta tafi neman bashi. A feather in his cap abin alfahari ne da mutum ya ƙara a tarihinsa. Cap and gown kayan bikin kammala jami'a. Nightcap a da hular barci ce, yanzu yawanci abin sha ne na ƙarshe kafin a kwanta, kuma galibi giya ake nufi, don haka in baƙo ya tayi maka a ƙasar waje ka san me ake tayi.

Wadda ta fi bani sha'awa ita ce if the cap fits, wear it. A Ingila habaici ce, an yi suka ba a kama suna ba, in ka tsargu to da kai ake, mai kaza a aljihu dai baya jimirin as. Amurkawa kuma a karin maganar kalmar takalmi suke sawa a wurin hular. Amma a turancin Najeriya an juya ta ta zama yabo, lokacin zaɓe ko naɗin sarauta za ka ga fosta an rubuta wane shi ne wanda hular ta dace da shi. A gida kowa zai gane yabo kake, amma in Bature kake rubuta wa ka yi hattara, zai iya ɗauka gugar zana ce.

Kuma hula a Ingila ba ƙaramin abu ba ce a da. A 1571 zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya majalisa ta yi doka cewa duk namijin da ya wuce shekara 6, banda masu sarauta da manyan mutane, dole ya sa hular ulu saƙar ƙasar ranar Lahadi da ranakun hutu, in ba haka ba tarar sule 3 da kwabo 4 kowace rana. Don a raya kasuwar masaƙa aka yi, aka soke ta a 1597. Hula ta zama alamar talaka da ma'aikaci, shi yasa karin maganarta da yawa suke zagaye da ladabi da matsayi.

Mataki na takwas: yadda za ka bincika da kanka

Buɗe ƙamus na intanet mai kawo asalin kalma, irin Etymonline ko Wiktionary ko Merriam-Webster, duk kyauta ne a waya. Rubuta kalmar, sannan kar ka tsaya a layin farko. Duba ko an raba ta gida-gida da lamba 1, 2, 3 a matakin asali, domin in aka raba haka kalmomi ne daban da suka yi karo a rubutu. Duba ko suna ce ko aikatau. Sai ka karanta layin asali daga baya zuwa gaba, OE tsohon turanci ne, ME na tsakiyar zamani, L Latin, LL Latin na ƙarshe, in kuma ka ga tauraro a gaban kalma to ba a same ta a rubuce ba, masana ne suka gina ta ta hanyar kwatanta harsuna. Shekarar da aka sa kusa da ma'ana ita ce lokacin da aka fara ganinta a rubuce, a baki ta riga haka. In ƙamus yace perhaps ko probably, kai ma ka ɗauke ta a haka in za ka faɗa wa wani.

Sannan ka gwada a ƙamus biyu aƙalla, musamman in labarin ya cika daɗi. Handicap misali ce mai kyau. Ana yawo da labarin wai daga naƙasassu masu bara da hula a hannu aka samo ta, kuma ba haka ba ne. Daga hand in cap ta fito, wani wasan musayar kaya da ake yi a Ingila a ƙarni na 17, mutum biyu za su yi musaya, alƙali ya faɗi cikon da mai ƙaramin kaya zai bayar, kowa ya sa hannu cikin hula ya fito da shi a buɗe ko a dunƙule don nuna ya yarda ko bai yarda ba. Daga nan ta shiga sukuwar dawaki, inda ake ƙara wa dokin da ya fi ƙarfi nauyi don a daidaita, sai can daga baya ta koma kan naƙasa.

Haka nan kamannin sauti ba hujja ba ce. Za ka iya jin cappa ka ce ai alkyabbarmu ce suka ɗauka, alhali tamu ta Larabci ta shigo mana. Kafin ka yarda kalma biyu dangi ne sai ka ga an nuna hanyar da ta bi daga wannan harshe zuwa wancan da shekarun da aka ganta a rubuce, in ba a nuna ba kar ka tura a guruf.